Wasiƙar Malamin Lissafi

Duk sanda na ji ƙamshin citta da aka shanya, malaminmu na lissafi nake tunawa. Mutumin gindin dutsen Kagoro ne, Kirista, kuma yakan biya ta gonarsa kafin ya shigo aji, shi ya sa littattafanmu ke dawowa da wannan ƙamshi.

Ina aji uku na sakandare, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, sai Baba ya ce karatun ya isa. Tela ne a kusa da tashar jirgin Kafanchan, ajami kaɗai yake karantawa. Takardar sakamakona takan zo da Turanci, ya juya ta, ya ajiye. Ya ce ba zai bar ɗansa a wurin da bai san abin da ake faɗa a kansa ba.

Na gaya wa Malam cewa bayan damina ba zan dawo ba. Sai ya buɗe bayan littafina inda nake rubuce-rubucena da ajami.

"Wannan ne babanka yake karantawa? To, ka koya mini. Amma idan na yi kuskure, ba bulala."

Haka muka yi duk daminar nan, bayan an tashi, ruwa na dukan kwanon aji. Ka ga babban mutum da furfura yana jan baƙi daga dama, ni ina gyara masa.

Ranar da ya rubuta wa Baba wasiƙa da ajami yana roƙon a bar ni a makaranta, na ce masa mu da Bisimilla muke farawa. Sai ya bar saman takardar fili.

"Nan wurin babanka ne. Ba zan taɓa abin da ba nawa ba."

Baba ya karanta a kan keken ɗinkinsa, yana bin layi da yatsa. Ya daɗe yana duban filin nan. Can ya ɗauko alƙalami da tawada ya cike shi, ya ce in je in ɗinka wa kaina sabon wandon makaranta.

Na gama, na sami aiki a Kaduna, na yi iyali. Kullum ina cewa bayan Salla zan je in gaishe da Malam. Da na je, matarsa ce ta tarbe ni, ta nuna mini kabarinsa a bayan coci. Ta ce har ya tsufa yakan zana baƙaƙen nan a ƙasa da sanda, wai kada ya manta, ko ɗalibinsa zai rubuto.

Ban taɓa rubuta masa ba. Allah Ya yafe mini.

Wasiƙar tana nan cikin gafakar Baba, hannu biyu a takarda ɗaya. Jikokina duk sun yi boko, babu mai iya karanta ta. Idan sun tambaya, ni nake karanta musu, kuma ban cika kaiwa ƙarshe ba.