Kwaɗo a Ƙofar Bayan Gidan Jirgin Takoradi

Har yau idan na ji mutanen unguwarmu suna begen jirgin ƙasan nan na dare da ke tashi daga Kumasi zuwa Takoradi, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Su ce ai jirgi ne mai daɗi, ka rufe ido a Kumasi ka buɗe shi da ƙanshin teku. Ni ma haka na ɗauka kafin in shige shi.

A lokacin ina budurwa, ina ɗinki a wata rumfa a Akwatia Line. Duk abin da ya rage a hannuna littattafan soyayya yake tafiya, ƙananan nan da ake shimfiɗawa a kan buhu a bakin kasuwa. A cikinsu jirgin ƙasa wuri ne mai albarka. Yarinya tana zaune gefen taga, iska tana wasa da gyalenta, farin wata yana bin jirgin kamar an aiko shi rakiya, sai wani saurayi mai farar riga ya yi sallama ya tambaya ko da mutum a kujerar nan. A jiragen cikin littafi ba wanda ya taɓa tashi neman bayan gida.

Ƙanena da ke aiki a Takoradi ya samu ɗa namiji, ya aiko cewa Baba ne zai raɗa suna. Inna ta riga ta tafi tun ranar haihuwa. Saura ni da Baba.

Baba tsohon mai fataucin goro ne. Iyayensa daga Damagaram suka zo, kuma kunyar can ya riƙe ta fiye da waɗanda suka zauna can ɗin. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ba ya haɗa ido da ni, ba ya aike na kai tsaye. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "Gidan nan ba a ba mutane ruwa ne?" In tashi in kawo. In rigar da na ɗinka masa ta yi masa kyau, Inna zai gaya wa, "Telan nan ta fara iyawa." Ban taɓa jin haushin wannan ba. Da haka na san ƙaunarsa.

A shekarar ne ciwon mafitsara ya kama shi, irin na tsofaffin maza, wanda ba ya barin mutum ya daɗe bai kewaya ba. Duk gida an sani, ba mai faɗa. Inna ce ta gaya mini a madafa, murya ƙasa-ƙasa, cewa likita ya hana shi matsewa. Shi ya sa da aka zo maganar mota na ce a'a. A mota sai ya ɗaga murya ya roƙi direba ya tsaya, a gaban baƙi, a gaban 'yarsa. Jirgi kuwa da bayan gidansa a ciki, mutum ya tashi abinsa ba wanda ya san inda za shi. Da ƙafata na je tasha na tambayi mai sayar da tikiti, ya ce kowane tarago da nasa, har da famfo. Tagar nan da farin watan nan ma suna cikin raina, ba zan ɓoye ba. Amma bayan gidan na saya.

Baba ya sa farar babbar rigarsa tun daga gida, don da safe za mu isa, daga tasha sai wurin suna. Butarsa a hannu. Tun la'asar bai sa ruwa a bakinsa ba.

Taragonmu na masu zama ne. Fankar da ke rufi ba ta juyawa. Fitila ɗaya ce ke ci, ita ma tana kyaftawa kamar mai jin barci. Hanyar tsakiya an cika ta da buhuna da kwanduna, sai ka ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Duk da haka na samu taga, na gyara gyale, na ce a raina komai zai yi daidai idan jirgi ya tashi.

Sai ga shi kuwa, saurayin cikin littafi. Farar shet a goge, agogo mai walƙiya, turare mai sanyi.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji. Da mutum a nan?"

Kalma da kalma yadda take a littafi. Ya zauna yana fuskantarmu, ya ce shi ɗan Tafo ne, ya san rumfar Baba ta goro tun yana yaro. Ya ɓare lemo ya miƙa wa Baba da hannu biyu, Baba ya yi godiya ya ƙi karɓa. Ya juyo gare ni.

"'Yar'uwa, ke ma azumin kike? Ko sai an nemi izini a wurin Alhaji?"

Na karɓa ina sunkuyar da kai. Kafin mu bar fitilun Kumasi a baya, na riga na zaɓi kalar labulen ɗakinmu.

A ɗaya ɓangaren hanya akwai wata Batoniya, 'yar ƙabilar masu garin Kumasi, mai jiki, mai sayar da kifi, za ta saro kaya da kwandunanta wayam. Maame kowa ke ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" ne a wurinta. Tana taunar asuwaki tana kallonmu.

Bayan mun wuce Bekwai Baba ya miƙe, ya ɗauki buta, ya bi ta kan buhuna zuwa ƙarshen tarago. Bai daɗe ba ya dawo. Butar a cike take, na ji nauyinta da ya dire ta. Ya dubi taga ya ce, "Ikon Allah."

Na tashi kamar mai miƙe ƙafa na je na duba. Kwaɗo ne a ƙofar bayan gidan, sabo fil. Na tsallaka tarago na gaba ta kan ƙarafan nan da ke motsi a cikin duhu, na tarar nasu ya toshe, ƙazanta ta malalo har bakin ƙofa, ƙofar ma ba ta rufuwa. Ko da yana da kyau, gwiwar Baba ba za ta iya wannan tsallaken ba. Ta ɗaya gefen kuma taragon masu gado ne, an kulle shi ta ciki don kada irinmu su shiga.

Na samu mai kula da taragon yana zaune kan akwati yana cin dokunu.

"Makulli ya ɓata," ya ce, bai ko ɗago ba. "Wa ke son shiga?"

Yaya za a yi in buɗe baki in ce ubana? Na ce, "Ni ce."

"Ke ai yarinya ce. Riƙe. In mun tsaya ki sauka."

Da muka tsaya a Obuasi Baba ya sake miƙewa. Masu shiga suka danno ta ƙofa da kayansu, masu talla suka kewaye jirgin da aci-balbal, ko'ina haske, ko'ina ido. Kafin ya kai ga matakala aka busa usur. Ya dawo ya zauna.

Daga nan na daina ganin farin wata. Carbin Baba nake kallo, yadda yake gudu a yatsunsa. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Ya haɗa gwiwoyinsa, ya tattare babbar rigar ya ɗora a cinya, kamar mai nisanta ta daga wani abu. Duk sanda jirgin ya yi girgiza sai ya rufe ido.

"Baba Alhaji, zafi ko?" in ji saurayin. "Fankar nan ai ado ce." Ya naɗe jarida ya shiga yi masa fifita. Ni kuma, Allah ya gani, na ce a raina dubi tarbiyya.

Sai na ji an mintsine ni a cinya. Maame ce ta miƙo hannu ta tsallaken hanya.

"Kai, 'yar Alhaji," ta ce a kunnena. "Ka daina kallon agogo. Ka kalli aljihu."

Ban gane ba. Ta tofar da asuwakin ta yi mini bayani. Kowane mako tana ganinsa. Takalman mata yake kaiwa Takoradi a kwalaye. Ya ɗan ba mai kula da tarago na goro, ya jibge kwalayen a bayan gida, ya sa kwaɗonsa. Ba ɓarawo, ba awon kaya, shi kuma ya zauna ya yi ta ƙanshi.

Na dubi aljihun shet ɗin. Ga shatin ɗan makulli nan, ƙarami, a daidai inda na yi ta hango zuciyarsa.

Na matsa kusa na yi magana a hankali. "Ɗan'uwa, don Allah makullin."

"Wane makulli, 'yar'uwa?"

"Na aljihunka."

Murmushin bai bar fuskarsa ba. "Kayan mutane ne. In na fito da su ina zan sa? Kina ganin hanya. Kafin gari ya waye an kwashe rabi." Ya karkata kai. "Wa ya matsu haka ne? Faɗa mini mana."

Wannan tambayar ce har gobe ba zan yafe ba. Ya sani. Sau biyu ya ga tsoho ya tashi da buta ya dawo da ita a cike. Ɗan Zongo ne, Bahaushe kamar mu, a gida irin namu ya tashi, ya lura tun Kumasi cewa Baba ba ya kiran sunana. Ya san dattijo ba zai roƙe shi ba, ya san 'yar fari ba za ta faɗa ba. Ba kwaɗon ne ke gadin kayansa ba, kunyarmu ce, kuma ya jingina da ita ya miƙe ƙafa yana fifita.

Baba ya ji mu. Ya dubi taga ya ce, "A bar mutane da kayansu." Muryar ta fito siririya, ban san ta ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ubana ne!" na ce, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Ubana ke jin fitsari! Ciwo gare shi, likita ya hana shi riƙewa, kuma wannan mai turaren ya kulle bayan gida ya zuba takalma!"

Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Tonanci, yaren su Maame, don kada wani ya ce bai ji ba.

Taragon ya farka gaba ɗaya. Maame ta miƙe ta ƙara ɗaure zaninta.

"Kwasia! Sakarai! Kai ba uba ne ya haife ka ba? Takalmi ne ya haife ka?"

"Maame, ki tsaya in yi bayani..."

"Bayani? Kawo makulli ko in juye ka in karkaɗe ka kamar buhu!"

Wata tsohuwa daga baya ta ce ita ma tun Kumasi take fama, ta ɗauka ƙa'idar jirgi ce. Wani ya ce a jefa kwalayen ta taga. Mai kula da taragon ya leƙo, ya ga yawan matan da suka miƙe, ya koma. Saurayin ya zaro makullin da yatsu biyu. Aka buɗe, aka shiga miƙo kwalaye hannu zuwa hannu, ɗaya ya fashe, takalma masu duwatsu suka watse a kan buhuna. Famfon da aka yi mini alkawari ko ɗigo babu.

Sai aka buɗe wa Baba hanya. Abin da ya fi komai ciwo ke nan. Mutumin da ya shiga jirgi don kada kowa ya san inda za shi, shi ne ya bi tsawon tarago da buta, kowa yana janye ƙafa, kowa yana kallo. "Sannu, Alhaji." "Kafra, Papa." Har da mai riƙe masa gwiwar hannu. Kansa a ƙasa ya wuce.

Ya fito rigarsa fara tas. Amma bai dawo kujerarsa ba. Ya zauna kan wani buhu a bakin ƙofa, ya ba mu baya, har gari ya waye. Aka ce ga teku, mutane suka yi ta leƙe. Ni ban duba ba.

Ya raɗa wa jikansa suna a cikin farar rigar, muryarsa ba ta yi rawa ba. Da aka watse ya gaya wa ƙanena cewa shi da Inna za su ɗan kwana biyu, wasu kuma suna da ɗinki yana jiransu. Na dawo Kumasi ni kaɗai a mota.

Akwai 'yan Zongo a taragon nan, don haka labarin ya riga shi isowa gida. Ba wanda ya yi masa dariya. Sannu suka yi ta yi masa, suna tambayar jiki, suna kawo sunan magani, har a ƙofar masallaci. Ya daina zuwa hira rumfar goro. A gida kuma bango ya yi shiru. In yana son ruwa sai ya jira Inna. Nakan zauna da kofi a kusa da ni, ina sauraro.

Sai wata rana da yamma ina tsintar shinkafa a tsakar gida, na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Gidan nan masu babbar murya sun daina ba mutane ruwa ne?"

Na kawo. Na durƙusa na ajiye. Ya sha duka, ya miƙo kofin yana kallon bango.

Daga wannan tafiyar bai sake fita daga Kumasi ba, ko a jirgi ko a mota. Jikan da ya raɗa wa suna sai dai a kawo masa shi, har Allah ya karɓi ransa.

Mai farar shet ɗin yana nan a Tafo. Ya yi ƙiba, yana da babban shagon takalma, Alhaji ake ce masa. Bara na bi ta ƙofar shagon da 'yata ta fari, ya taso da fara'a, bai gane ni ba.

"Hajiya, shigo mana, akwai sababbi daidai ƙafar 'yan mata."

Yarinyar ta ja ta tsaya, idonta a kan wasu masu duwatsu. Na fizgo hannunta da ƙarfi har ta yi ƙara, muka tsallaka titi.