Baba Badaru da Ƙasar da Ta Amsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga Safar, shekara ta 1287 bayan Hijira, gangaren dutsen bayan Fagam ya zabtare da Baba Badaru, jagoranmu masu haƙar tama. Da hannu muka tono shi, ba mu kai gare shi ba sai la'asar.

Baba, shekara talatin kana gaban ayari, ba ka taɓa rasa ko jaki ba. Ka bugi ƙasa da gindin sanda, ka karkata kunne. In ta yi shiru, mu wuce. In ta amsa "dum" kamar ƙwarya a kife, ka ce, "Ɓawo ne, a kewaya." Kai ka nuna mana yadda iska ke tara yashi a bayan dutse duk rani, ruwan fari ya daskarar da samansa, ƙarƙashi kuwa gari. Shekarar da ɗan ayarinmu Hadi ya karye a rami, a bayanka ka goyo shi har Basirka, kana yi masa tsiyar ya fi tama nauyi.

Yanzu masu zuwa gaisuwa sai cewa suke, "Tsautsayi ne." Ajali gaskiya ne, ban musa ba. Amma wane tsautsayi? Mu tara muna wurin, kowa ya ji abin da aka faɗa, kowa ya ɗinke bakinsa.

Kwana biyu da ruwan fari muka iso gangaren. Ka buga, ta amsa, ka ce a kewaya. Kewayen rabin yini ne, ga rana. Sai wani ya ce, "Baba, in ƙafa ce ta gaji ka ce ta gaji, kada ka ɗora wa ƙasa." Aka yi dariya. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "To, ku tsaya nan, in jiyar da ku da kyau." Taku bakwai ka yi. Ka buga. Tsaga ta ruga ta bayanka kamar an keta zane, fili guda ya tafi da kai a tsaye, kana ɗaga mana hannu kada mu biyo.

Tun ranar, ko a tsakar gida na taka sai in ji ƙasa ta amsa. Ko tabarya Mero ƙanwata ta saki a turmi, sai in yi maza in dafa bango.

Inna Kulu, sau uku kina tambayata me ya hau da mijinki wurin da shi da bakinsa ya hana. Sau uku na ce ban sani ba. Na sani. Wanin nan ni ne. Za a karanta miki takardar nan ina durƙushe a ƙofar ɗakinki, kuma ba zan tashi ba sai kin ce wani abu, ko mene ne.

Allah Ya jiƙan Baba Badaru, Ya yalwata kabarinsa, Ya karɓe shi cikin shahidai. Allah Ya ba Inna Kulu da 'ya'yanta haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini harshena. Amin.