Sikeli Ba Ya Ba Da Nono

Shekara ashirin tana awon jarirai a wani ƙaramin asibiti, har sunanta ya ɓace, kowa sai Inna Sikeli. Ɗakin aikinta benci uku ne da tebur, sai sikeli a rataye da ɗan wandon da ake saƙala jariri a ciki yana tsala ihu. Ga ta da fara'a, ga baki kamar reza.

Abu ɗaya ke cin ranta: shekara bakwai rabonta da cin jibin Ubangiji, gurasar tunawa da Yesu, a coci. Ba wanda ya hana ta. Ita ta yanke wa kanta hukunci, ba za ta ci ba sai ta yi mako guda cur ba ta karya ko ɗaya cikin Dokoki Goma ba. Takan kai Laraba lafiya lau. Ran Alhamis maƙwabciya ta shanya sabon labule, ƙyashi ya kama Inna, shi ke nan an koma gidan jiya. Mijinta mai gyaran agogo ya yi ta cewa ceto ta wurin bangaskiya ne, ta ce ya ji da agogonsa. Ranar jibi takan zauna a bencin baya tana kallon mutane, abin kuwa yana yi mata ciwo ƙwarai.

Wata Juma'a wata mai haihuwar fari ta kawo ɗanta awo da safe, ta dawo da hantsi, ta sake dawowa da rana.

"'Yata, lafiya?"

"Inna, a sake gwada shi, ko ya ƙaru."

"Kin shayar da shi tun safe?"

"Ai ina kan layi."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke yarinyar nan! Sikeli ba ya ba da nono. Aikinsa ya gaya miki yaro ya rame, ki ruga ki shayar da shi. Ko kin wuni kina awo..."

Sai Inna ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta yi tsaye, baki buɗe.

Ana tashi daga aiki ta faɗa shagon mijinta kamar an jefo ta, takalmi ɗaya a hannu.

"Maigida! Ashe Doka sikeli ce! Ta nuna mini na rame don in ruga wurin Yesu, ni kuma na tsaya ina ta hawa ina sauka!"

"Shekara bakwai ina faɗa miki, uwargida."

"Kai dai ba ka iya faɗa ba ne!"

Ran Lahadi ana tsakiyar waƙar farko ta taso, ta ratsa jama'a, ta durƙusa a gaba ta miƙa hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba. Fasto ya sunkuyo ya raɗa mata, "Inna, ai ba a fara jibin ba tukuna."

"Na sani, Fasto," in ji ta. "Zan jira a nan. Yunwa nake ji."