Aron Injin Barci

Ni dai ban taɓa ɗaukar minshari a matsayin ciwo ba. A gidanmu gado ne. Mahaifinmu ya yi, Yaya yana yi, ni ma in na fara, matata takan ce har kajin maƙwabta sai sun sake wurin kwana. Sai ranar da barci ya sace ni da rana tsaka a kan sitiyari, na afka gonar gero da mota cike da fasinja, a hanyarmu ta Kano daga Daura. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Amma Alhaji, mai bas ɗin da na daɗe ina ja, ya karɓe makulli, ya ce ba zan sake taɓa shi ba sai likita ya yarda.

A wani asibiti a Kano aka gwada ni. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci. Numfashi ya ɗauke, jiki ya zabura, in koma, ya sake ɗaukewa, haka har gari ya waye. Ashe shekara da shekaru kwanciya kawai nake yi, ba barci ba.

Alhaji, Allah ya saka masa, shi ya sayo injin da ta rubuta. Ɗan akwati ne kamar rediyo, da tiyo, da takunkumin roba da ake ɗaurawa a fuska, yana hura iska don kada maƙogwaro ya rufe. Likitar ta nuna mini abin da allonsa ke faɗa da safe: awoyin da na yi da shi, ko iska ta yi yoyo ta gefen takunkumi, da kuma sau nawa numfashina ya ɗauke a kowace awa.

"Wannan na ƙarshen shi ne magana," in ji ta. "In ya sauka ƙasa da biyar ya zauna, sai mu yi zancen makulli."

Kai, na sha wuya da abin nan! Mutum da girmansa a ɗaure masa baki kamar jakin da ake hana cin amfanin gona. Ga unguwarmu wuta sai ta ga dama. Ana ɗaukewa inji ya tsaya, in farka ina kokawa da roba. Da safe in tashi kai ya yi nauyi, baki ya bushe, in tafi tasha in zauna a benci ina kallon wasu suna lodi. Goro na ci har haƙora suka gaji, hamma ba ta daina ba.

Ana nan sai labari ya kai wa Yaya. Shi ne babban wanmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon tuƙi, shi ya yi mini aure. Fataucin dabbobi yake yi, kuma shi ma gyangyaɗi ya dame shi, har ana tsakiyar ciniki sai kansa ya langaɓe. Ya zo da kansa bayan la'asar, ya juya injin, ya shinshina takunkumin.

"Ba ni shi ran Asabar in gwada, in je kasuwar Mai'aduwa washegari da idona biyu."

To, me zan ce? Babban wa magajin uba. Na saka a jaka na miƙa masa da hannu biyu.

Daga Asabar aka ƙara da jajibirin wata kasuwar, daga nan sai duk ranar da ya ji jikinsa ba daɗi. Gidansa akwai sola, wuta ba ta yankewa. Matata ta yi ƙorafi, na ce ta yi mini shiru. A garinmu ana aron tsani, ana aron turmi, ana aron babbar riga ta zuwa ɗaurin aure, ban kuma taɓa jin tsani ya riƙe lissafin wanda ya hau shi ba. Abin da kawai na lura, kan Yaya ya fi nawa girma, in injin ya dawo sai in tarar igiyoyin takunkumin sun saki, iska na yi mini fito a gefen ido.

Allon yana da shafi biyu, na daren jiya da na wata guda. Na daren jiya kullum ɓata mini rai yake yi, sai na daina dubawa. Na wata kuwa sai sauka yake, sannu a hankali, har ya zo daidai inda likita ta ce. Na riƙe shi gam. Wa zai bar labari mai daɗi ya kama marar daɗi? Matata dai ta ce, "Malam, inji ya ce ka warke, amma jiya da lomar tuwo a hannu ka yi barci." Na ce mata ita ba likita ba ce.

Ranar komawa asibiti na yi wanka, na sa hula mai kyau, na ɗauki jaka. Likitar ta zare ɗan katin da ke jikin injin ta sa a kwamfuta.

"Yaya jikin, Malam?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Bahaushe ko ana shirin kai shi makwanci haka zai ce. Ta duba lissafin watan, ta yi murmushi, ta jawo takarda da biro. Don murna har na fara jin sanyin makulli a tafin hannuna. Sai ta ce bari ta duba dare ɗai-ɗai, don jimilla takan ɓoye abu. Ta juyo mini da allon.

"Ka ga waɗannan? Barci cikakke, ba yoyo, numfashi bai ɗauke ba sai abin da ba a rasa ba. Waɗannan kuma inji bai daɗe a kunne ba, iska duk ta zurare, lambar ta hau sama. Masu kyan ne suka ja jimillar ƙasa. Me kake yi daban a ranakun nan masu kyau? Shi za ka riƙa yi kullum, ni kuwa in sa maka hannu."

Na dubi ranakun. Asabar. Wata Asabar. Jajibirin kasuwa. Duk daren da ya yi kyau, a gidan Yaya injin ya kwana. Nawa, ko ɗaya babu na kirki.

Wallahi na so in yi shiru. Na gaji da benci, na gaji da gaisuwar tausayi, na gaji da gajiyar kanta. Biro na hannunta, ba abin da ya rage sai in gyaɗa kai. Amma salatin matan da na ɗauko ranar da na afka gonar gero bai bar kunnena ba.

"Likita," na ce, "masu kyan ba nawa ba ne. Na wana ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye biro, ta mayar da takardar aljihun tebur. Ta ce injin bai san fuska ba, duk wanda ya sa shi ya rubuta. Ta ce a kawo Yaya a gwada shi, don ba a shan maganin wani, ba a kuma haɗa takunkumi. Ni kuma in sake sabon takunkumi daidai fuskata, in nemi batir saboda wuta, in kwana da injin kowane dare ni kaɗai, sannan mu fara lissafi daga farko. Ta ƙara da cewa lamba ko ta yi kyau, in ina barci da rana, aiki bai yi ba.

Na dawo Daura a kujerar baya, jakar a kan cinyata. Ranar Asabar ce. Ina shan kwanar gidanmu na hango Yaya zaune a dakali yana jirana, fuska ta washe, ido garau, kamar an rage masa shekaru. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu da hanya. Me likitar ta ce?"

"Ta ce kana samun sauƙi, Yaya."

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. "Alhamdulillahi. To kawo, gobe da sammako zan fita."

Ya miƙo hannu ya kama igiyar jakar. Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma san yadda ake fara faɗa ba. Ya ja a hankali, ya ɗago ya dube ni.

Ban saki ba.