Kiɗan Faransawa da Ƙafar Hagun Aminina

Shekaru sun tura, abubuwa da dama sun fice mini daga kai, har sunayen wasu abokan aiki sai na yi dogon tunani kafin su zo. Amma akwai al'amari guda da ya auku a birnin Alƙahira cikin shekarar 2013, wanda na tabbata ba zai rabu da ni ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

A lokacin ina aikin tafinta a wani ofishin jakadanci da ke Zamalek, ina dab da ajiye aiki. Garin kuwa ba ya zaune wuri ɗaya. Motoci sun yi dogon layi a gidajen mai, yau a rufe wannan titi, gobe a rufe wancan, kowa ka gani tafe yake yana waiwaye. Cikin wannan hali aka kawo mini aminina na ƙuruciya daga Damagaram, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Babban ɗansa ne ya ɗauko shi, matashi mai natsuwa da ke karatun addini, ya sauke shi a ɗan gidan da yake haya a unguwar Hayyin Ashir, can sama, a benen da sai an goya mara lafiya kafin a hau da shi.

Dole in faɗa muku ko wane ne wannan mutum, don ku san nauyin abin da na gani. A zamanin samartakarmu babu wanda ya kai shi tseren keke a duk yankinmu. Wani Bafaranshe makanike ne ya tara mu ya koya mana. Yana da garmaho da tarin faya-fayai na kiɗan ƙasarsu, wanda ake yi da wani abu da ake rungumewa a ƙirji, ana buɗewa ana matsewa kamar zugazugin maƙera, suna kiransa akordiyon. Ya ce a can ƙasarsu tseren keke da wannan kiɗa tare suke tafiya: idan ana babban tseren da ke kewaye ƙasar, har a saman mota ake ɗora mai kiɗa, mutanen ƙauyuka su fito bakin hanya suna rawa kafin 'yan tsere su iso. Mu kuwa sai ya ɗaga mana ƙafafun baya na kekuna a kan itace cikin tsakar gidansa, ya sa faifai, mu yi ta tuƙi muna nan inda muke. Ni ban taɓa yin sauri ba, don haka aka ba ni aikin wana garmaho da kiran tashi. Aminina shi ne yake cinye tsere, 'yan mata suna guɗa.

To wannan mutum ne na tarar a kwance, bakinsa ya karkace. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi, ya ce da ƙyar, "Mai wana garmaho, ashe kana raye."

Na ce, "Ina raye, sarkin gudu. Tashi mu je ka sake wuce ni."

Bai yi dariya ba. Ya juya fuska ga bango.

Ana kai shi wani ƙaramin asibiti inda likitan gashin ƙashi, Bamisire mai haƙuri, yake ɗora shi a kan keken motsa jiki, irin wanda ba ya tafiya. Ɗansa yakan tsaya a bayansa ya rungume shi, domin idan aka sake shi sai ya zube ta hagu. Likita yana ƙirga masa da Larabci, "Wahid, itnin, wahid, itnin," wato ɗaya, biyu. Feda tana juyawa, amma kowa na ganin ƙafar dama ce ke yin aikin duka, ta hagu an ɗaure ta ne kawai tana bi. Bayan makonni likita ya kira mu gefe. Ya ce idan watan nan ya ƙare ƙafar ba ta fara turawa da kanta ba, gaskiya ita ce a saya masa kujerar turawa a mayar da shi gida. Aminina ya ji. A hanyar komawa ya ce da ni gara a binne shi a Masar da ya shiga Damagaram ana tura shi, kuma daga ranar ya rage cin abinci.

Ni kuwa zama ya gagare ni. A ofis sai in tashi in je taga in dawo, ana magana ina fassarawa amma hankalina yana Hayyin Ashir. Wata ranar la'asar ina cikin tasi, mun maƙale a kan gada, sai na lura yatsuna suna buga gwiwata da kansu: ɗaya mai nauyi, biyu marasa nauyi. Nan take abin ya faɗo mini. Kiɗan da Bafaranshen nan yake sa mana bugu uku-uku ne, kuma da gangan ya zaɓe shi. Idan bugu mai nauyi ya faɗa a ƙafar dama, to na gaba dole ya faɗa a ta hagu, haka za su yi ta karɓa-karɓa, babu wadda za ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Ƙirgen biyu-biyu kuwa kullum nauyinsa a ƙafa ɗaya yake sauka. Aminina bai taɓa koyon tuƙi da biyu ba.

Na sauka daga tasin tun ba ta kai ni ba, na kama wata zuwa Hayyin Ashir. Na kira ɗan nasa zuwa bakin matakala na yi masa bayani, na ce ya nemo mana irin kiɗan a wayarsa, tunda na san abin ba zai ɗauke shi lokaci ba. Ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Baffa, ka yi mini afuwa. Ka san abin da nake karantawa, ka san matsayina a kan kiɗa. Ba zan nemo shi da hannuna ba, ba kuma za a sa shi a gidan nan ba."

Na ce, "Ɗana, ƙafar mahaifinka ake magana."

Ya ce, "Na sani, Baffa. Ni nake goya shi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina da hujjojin da zan iya jera masa, domin ni ma na zauna gaban malamai kafin a haife shi. Amma na dubi idanunsa na ga ba taurin kai ba ne, yaro ne da abu biyu suke ja. Na haɗiye maganata na sauka.

Washegari na shiga Wustul Balad, tsakiyar birnin, neman faifai. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen ba, domin mu lambar jikin faifai da launinsa muka sani. Na bi shaguna, rabi a rufe, wasu suka dube ni kamar na zo neman abin da aka daina yi tun zamanin Fir'auna. Wani ya tura ni ga wani, shi ma ya tura ni gaba, ga zafi, ga jiniya tana tashi daga nesa, ga masu shaguna suna jan ƙofofi ƙasa idan sun ji hayaniya. Daga ƙarshe na faɗa wani ɗaki a ƙarƙashin tsohon gini, inda wani dattijo yake zaune cikin tarin faya-fayai. Ya sa na farko na girgiza kai, ya sa na biyu na ce ba shi ba ne. Ya ce, "Ma'alish ya Hajj, yi haƙuri, yi mini shi da baki." Ni da ban taɓa rera komai a gaban baƙo ba, na tsaya da rawanina na yi masa. Ya yi dariya, ya shiga can ciki ya fito da wani mai ƙura. Allura na sauka na gane shi ne. Ya juye mini shi a kaset, na fito ina sauri kamar ana bina.

Likita ya saurari bayanina da kyau, ya buga yatsunsa a tebur yana gwadawa, ya ce abin yana da ma'ana, a jarraba. Saura matsala guda: wa zai riƙe mara lafiya? Ni ƙarfina bai kai ba, likita kuma hannuwansa suna kan ƙafa. Na tsaya riƙe da rediyona mai kaset, ban ce wa yaron komai ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi mahaifinsa. Sai ya naɗe hannun rigarsa.

Ya ce, "Zan riƙe Baba. Kunnena kuma tsakanina da Ubangijina."

Na danna. Kiɗa ya cika ɗakin, sauran marasa lafiya suka juyo. Yaron ya rungume mahaifinsa ta baya, ya runtse ido, leɓunansa suna motsi da tasbihi. Aminina kuwa ya sandare, ko ƙafar dama bai motsa ba. Hawaye suka zubo masa. Kiɗan ya yi nisa, babu abin da ya faru, na ce a raina shi ke nan, na tayar masa da tsohon ciwo a banza, na kuma sa yaron nan cikin abin da yake gudu.

Sai na ji ya ce wani abu. Na matsa kusa.

"Mayar da shi farko," in ji shi. "Tsufa ya ci ka. Wa ya taɓa tashi ba a yi kira ba?"

Na mayar da kaset. Likita ya ɗaga masa fedar hagu ta zo sama, yadda na nuna masa. Na bari shimfiɗar kiɗan ta wuce, na ɗaga hannu, na ƙwala kiran nan na Faransanci da muke tashi da shi, da murya irin wadda ban yi amfani da ita ba tun ina saurayi, har wata ma'aikaciya ta leƙo a tsorace. Feda ta tsaya cak kamar ba za ta sauka ba. Sannan ta sauka, a hankali, tana rawa. Dama ta karɓa, aka zagayo, bugu mai nauyi ya sake zuwa kan hagu, ta sake sauka. Likita ya dafa cinyarsa ya ɗago kai yana cewa, "Shi ne yake turawa! Wallahi shi ne! Yalla ya Hajj, ƙara!" Bai yi nisa ba ya gaji, ya kwanta a ƙirjin ɗansa yana haki, yana zagina wai na sa kiɗan ya yi sauri.

Haka muka ci gaba har bayan watan da aka ɗiba. Kullum yaron yana bayansa, ido a rufe, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa cewa ya sauya ra'ayi ba. A gidansa ba a sa kiɗan ko sau ɗaya ba, rediyon a hannuna yake zuwa, a hannuna yake komawa. Aminina bai sake hawa keke a kan titi ba, kada in yi muku ƙari. Amma ya sauka daga mota a ƙofar gidansa na Damagaram da ƙafafunsa, yana dogara sanda yana jan ta hagu, ya ƙi kowa ya kama shi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini game da yaron ne ya fi zama a raina. Da na tsaya a bakin matakalar nan na yi ta kafa masa hujja har na kayar da shi, da wataƙila ya bi ni don kunya, ya riƙe mahaifinsa da hannu yana ƙullace da ni a zuci, ko kuwa ya kafe ya fita daga ɗakin. Tun daga lokacin, idan na ga mutumin kirki ya tsaya tsakanin abin da ya yi imani da shi da wanda yake ƙauna, ba na matsa masa da baki. Nakan gaya masa gaskiyar halin da ake ciki sau ɗaya, sannan in yi shiru in ba shi wuri.