'Yar kibiyar da ke ƙasan shafi

Shagonmu na buga takardu yana bayan Kasuwar Litinin, ɗaki ɗaya mai kwamfuta uku da fanka mai tari. Yayana ne mai shagon, ni ce mai zama. Shi ya zuba wa kwamfutocin Linux, tsarin nan na kyauta da mutane ke haɗuwa su gina, domin ya gaji da cutar kwamfuta da ɗalibai ke kwaso mana a filas. Ni ban damu da wanda ya gina ba, in dai za ta buga mini takarda ba ta tsaya ba.

A shekarun da aka hana babura, gari ya koma na keke da shingen sojoji, wani dattijo ya fara zuwa mana daga Maisandari. Tsohon malamin firamare ne, mutumin kudancin Borno, ba ya rabo da farar riga mai guga da biro a aljihu. Ɗansa direba ne, ya fita da lodin hatsi wata safiya bai dawo ba. Wani a cocinsu ya gaya masa akwai shafi a intanet da aka jera hotunan mutanen da suka fito daga daji, ko aka tsinta a sansanonin 'yan gudun hijira. Shafi ɗaya ne dogo, fuska ƙarƙashin fuska.

Ni na koya masa. A gefen dama na burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, akwai dogon layi, da ɗan tubali da ke sauka yayin da kake sauka, da 'yar kibiya a can ƙasa. Na ce, "Baba, nan za ka riƙa dannawa." Shi ke nan ya riƙe. Dannawa ɗaya, sai shafin ya ɗan matsa, ya dubi fuskar da ta hau, ya motsa leɓe, sannan ya sake dannawa. Na nuna masa yana iya murza maus ya yi sauri, ya ce shi ba kaya ya zo saye ba. Idan zai tafi sai ya ciro biro ya ja ɗan layi a kan salatif ɗin da ya manna a bakin allon kwamfutar, daidai inda tubalin ya tsaya.

Har yau idan na tuna lokacin, bayan azahar nake gani. Inuwar dalbejiya tana shigowa ta ƙofa tana rawa a siminti, janareton maƙwabta yana gunji ƙasa-ƙasa, barci yana fizgata a kan kujera. Ta wutsiyar ido nake hango fuskokin suna hawa sama a hankali, mata da yara da maza masu ƙasumba, duk da irin kallo ɗaya na wanda aka ce wa ya tsaya a ɗauke shi. Wani lokaci sai in rasa ko a allon nake ganinsu ko a mafarki. Akwai ranar da na farka na tabbata ɗaya daga cikinsu ta gaishe ni da Kanuri. Ƙarar dannawar nan tasa ta zame mini agogo, kuma ina son dattijon, ko da yake ya hana ni kwamfutar da ta fi gudu.

Sai wata Asabar ɗan akwati ya fito a allo yana tambaya ko a sabunta manhajoji. Ni da son a ce na iya, na danna e.

Ran Litinin burauzar ta tashi da sabuwar fuska. Maɓallai sun yi sumul, gefuna sun zagaye, har na ce kai, an yi mana kwalliya. Dattijo ya zo ya zauna, ya kai maus ƙasa inda ya saba. Babu kibiya. Layin ma ya rame ya koma kamar zare. Ya danna wurin da take a da, shafin ya yi tsalle guda ya dire can ƙarshe. Ya danna sama, ya sake tsalle. Fuskoki suka riƙa wucewa kamar an watsa tsaba. Ya saki maus ya ɗora hannayensa a gwiwa.

"'Yata, mutum nawa na tsallake?"

Na gwada daidaita tubalin da layinsa na ƙarshe, amma tsawon tubalin ya sake, kuma fuskar da ta fito ya ce bai taɓa ganinta ba. Kunya ta kama ni, sai na juye ta faɗa, na kira yayana na wanke shi tas kamar shi ya danna. Ya bari na gama, sannan ya ce masu yin burauzar ne suka koma sabbin kayan ƙera tagogi da maɓallai, irin waɗanda sauran tsarin ya riga ya koma. Gidan yana nan, in ji shi, kafinta ne ya sake ƙofofi. Na ce to kafintan ya zo ya gaya wa Baba haka. Ina jin haushin mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda suka zauna a wata ƙasa mai sanyi suka yanke cewa kibiya ta tsufa.

Dattijo bai yi faɗa ba. Na nuna masa maɓallin sauka a kibod, ya gwada, ya ga shi ma taki ɗaya yake yi. Ya ɓare salatif ɗin, ya naɗe shi ya sa a aljihu, ya ce in mayar masa da shafin can sama. Aikin wata da watanni ke nan, ya koma fuska ta farko.

Kwana uku yayana yana tono, ranar Alhamis ya zo da murna. Ya samo yadda za a dawo da tsohuwar burauzar, da kibiyarta da tubalinta. In aka mayar da salatif ɗin a wurinsa, Baba zai ɗora daga inda ya tsaya. Na ji kamar an sauke mini dutse. Da dattijo ya shigo, ko gaisuwa ban bari mun gama ba na gaya masa.

Ya ciro salatif ɗin ya warware a kan tebur. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Layukan sama a wawware suke, na ƙasa kuwa sun matsu da juna har biron ya haɗe su, kuma tsakanin na ƙarshe da gindin salatif ɗin bai kai faɗin yatsa ba. Makonni ina ganin yana zuwa yana tafiya, ban lura ya rage sauri ba.

Ya mayar da shi aljihu, ya gyara zama, ya ɗora yatsa a kan maɓallin.

"Ki ce wa yayanki na gode," ya ce. "Amma ya bar ta haka. A wancan karon saura kaɗan in kai ƙarshe, kuma ban ga ɗana ba."