Odessa Pruitt, Wadda Ta Ƙi Mayar da Litinin Juma'a

Ƙarfe bakwai saura kwata, kafin Leland mai gadin kotu ya gama kurɓar gahawarsa, Odessa Pruitt ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan ginin. Takan karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmanta, ta tambayi Leland lafiyar gwiwarsa, sannan ta nufi ofis ta gyara kwanan wata a jikin hatiminta tun ba ta cire rigar sanyi ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa da na daɗe ina ɗauko wa jaridarmu labarin kotu, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Kowa a jihar nan ya san sunayen alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli, amma da wuya ka sami mutum goma da suka san Odessa. Ita ce sakatariyar kwamitin da ke tantance masu neman alƙalanci idan kujera ta zama babu kowa a kotun, ya miƙa wa gwamna sunaye uku ya ɗauki ɗaya. Ba ta da ƙuri'a, ba ta cewa uffan a zaman kwamiti. Nata shi ne ta karɓi takardu, ta buga musu hatimin ranar da suka iso, ta tsare su. Sau goma sha huɗu aka cike gurbi a zamaninta, kuma kowace takarda sai da ta bi ta hannunta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ɗaya daga cikin alƙalan, ya sauka. Aka ba masu nema wa'adi zuwa Juma'a ƙarfe biyar. Ran Laraba Odessa ta buga wa Corinne Halvorsen waya, wata alƙaliyar ƙaramar kotu can arewa cikin manoman masara, wadda ba ta san kowa a babban birni ba.

"Mai Shari'a, shafi na goma sha ɗaya babu sa hannunki. Idan ya kai Juma'a a haka, kwamiti ba zai ko buɗe fayil ɗin ba."

Washegari Halvorsen ta yi tuƙin awa biyar a kan hanya mai santsi, ta zo ta sa hannu. Da za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Misis Pruitt, wa ya ce ki kira ni? Ba na son alfarma."

"Ba alfarma ba ce. Mutum shida na kira jiya, ke ce ta huɗu. Na biyar har zagina ya yi."

Wa'adi ya cika da takardu goma sha tara. Ran Litinin da safe sai ga Dale Kittredge, na hannun daman gwamnan wancan lokaci, riƙe da ambulan. Takardun wani babban lauya ne, abokin gwamna, wanda sai ran Lahadi aka lallashe shi ya nema. Leland yana cikin ofishin ya kawo wasiƙu, shi ya ba ni labarin, kuma shugaban kwamitin ya tabbatar mini.

Kittredge ya ce, "A bayan kujerar motata takardar ta faɗa tun ran Juma'a. Ki ɗan murɗa hatimin nan baya, kowa ya huta."

"Yau Litinin, Mista Kittredge."

"Na san kwanakin mako."

"To, hatimin ma ya sani."

"Kin san wanda ya aiko ni?"

"Na sani. Har ƙuri'ata na ba shi. Ka gaishe shi."

Kittredge ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya dubi taga. "Ofishinki da haske. Ba kowa ke daɗewa a irinsa ba. Ya jikin Vernon?"

Vernon mijinta ne. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, kuma da inshorar lafiyar aikinta ake yi. Idan aikin ya tafi, magani ya tafi. Odessa ta san abin da aka gaya mata. Ta karɓi ambulan, ta buga masa Litinin, ƙarfe tara da minti goma sha biyu, ta sa shi cikin kwandon waɗanda suka makara.

"Vernon da sauƙi, na gode," in ji ta.

Leland ya ce bayan mutumin ya fita, ta sha ruwa, ta ajiye kofin. Sannan ta jawo takarda ta rubuta wa shugaban kwamiti abin da ya faru, layi huɗu, babu ƙari babu ragi.

Kwamiti ya yi ta sa-in-sa, a ƙarshe biyar suka rinjayi huɗu: wanda ya makara ya makara. Korarta ba ta yiwu ba, don takardar nan tana hannun mutum tara. Sai aka ce ana bukatar ofishinta, aka mayar da ita ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gini, inda babu taga ko ta leƙen ɓera. Shekara huɗu ta yi a can. Ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma kira ni ba, alhali tana da lambata. Vernon ya ƙara shekara shida a duniya.

Sunaye uku suka je gaban gwamna, babu na abokinsa. Ya ɗauki Halvorsen, wasu suka ce don yana ganin mutuniyar ƙauye za ta yi sauƙin juyawa. Waɗanda suka karanta hukunce-hukuncenta tun daga lokacin sun san lissafin bai fita ba.

Odessa, ke ce mai tsaron ƙofar da ba a yi wa tafi. Ke ce kika nuna mana cewa adalcin kotu yana farawa tun kafin alƙali ya sa baƙar riga, a kan teburin akawu. Duk manomin da ya tsaya gaban alƙalan nan yana shari'a da wanda ya fi shi ƙarfi, ya ci albarkacin safiyar Litinin ɗin nan bai sani ba.

Mai Shari'a Halvorsen ma ba ta sani ba sai watan jiya, da bakin Leland ya suɓuce. Ta sauko da kanta ta sami Odessa tana ɗaure tsofaffin fayiloli.

"Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa a matakala. Me ya hana ki gaya mini?"

Odessa ba ta saki igiyar ba. "Da na gaya miki, da kin riƙa jin nauyina. Alƙali kuwa bai kamata ya ji nauyin kowa ba, ko da na tsohuwar sakatariya ne."

Mun gode, Misis Pruitt. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar shayar da tumatir ɗinki. Ku kuma da ke zaune a kan ƙananan tebura a ofisoshin jihar nan, wata rana wani zai shigo da murmushi da ambulan, ya ce ku ɗan murɗa abu kaɗan. Ku gaishe shi da ladabi, ku buga ranar da ake ciki.